Gwangwani Biyu a Mai Wurno

A tsakar gidanmu, gindin darbejiya,
nan ƙarfen Junaidu yake kwana:
tsohon bututun famfo, kai da gindi siminti,
an zuba a manyan gwangwanayen madara.
Bayan la'asar sai ya tuɓe riga,
ya ɗaga, ya sauke, yana huci kamar san huɗa.

Ƙanensa Muddassir, shekara shida da 'yan watanni,
haƙori ɗaya ya faɗi, ɗaya yana lilo,
yakan laɓe bayan randa yana ƙirga wa wansa.

Ran Talata na dawo daga kogi, koma a kafaɗa,
na iske shi ya duƙa kan ƙarfen nan,
ya cije leɓe, jijiyar wuya ta miƙe,
ƙarfe ko gezau.
Tsawa ta zo mini har bakin harshe,
sai kafaɗata ta dama ta yi magana,
wadda buhun riɗi ya fara dannewa ina ɗan shekara tara.
Na haɗiye tsawar, na ce ya kawo mini ruwa.

Da safe na tsaya wurin Sit Ihsan ta ɗakin magani.
Ta ce, ƙashin yaro ɗanyen kara ne, bai gama tsiro ba.
Abin da zai ɗaga sau goma yana dariya, shi ne nasa.
In ka ga fuska ta yamutse, nauyi ya yi yawa.
Yau a yi, gobe a huta, kuma idonka na kansa.
Gudu da tsalle da lilo a reshe,
kada gwangwani ya ƙwace musu wuri.

Gwangwanin tumatir biyu na tsinto.
Na ɗebo rairayin bakin Nilu,
na tankaɗe da rariyar uwarsa,
abin da har yau ba a yafe mini ba.
Na naɗe bakin da robar tayar keke,
na kai kantin Hamad, aka ɗora kan sikelin sukari:
kowanne bai kai rabin kilo ba.

Muddassir ya dube su, ya dube ni.
Ya ce, Baba, wannan ai na 'yar tsana ne.
Na ce, da rarrafe yaro kan tashi.
Miƙe bayanka. Buɗe ƙafa. Kada ka riƙe numfashi.
Ya soma ƙirge da Larabcin makaranta,
wahid, itnen,
a uku ya dawo Hausar gida.
A takwas ɗan akuya ya kutso ya nufi kwanon kisra,
aka watsar da gwangwani, aka bi shi da gudu.
Ban kira shi ba. Wannan ma yana cikin lissafi.

Ran Alhamis Junaidu ya zo ya karɓi ɗaya,
ya yi ta nishin ƙarya, har da faɗuwa kan tabarma,
ƙaramin ya ƙwace, ya nuna masa yadda ake yi.

Yanzu wata biyu ke nan.
Shi ke kai wa kakarsa butar alwala, cike,
ba ɗigo ko ɗaya a hanya.
Sai ya naɗe hannun riga, ya ce ta taɓa.
Ta latsa da yatsa, ta ce, to, ƙwan kurciya ya samu,
saura na zabuwa.

Da dare, in gida ya yi shiru,
sai kukan injin ban-ruwa daga gonakin ayaba,
nakan jawo gwangwanayen daga ƙarƙashin gadonsa.
In ɗaga hannun dama a hankali, har inda ya yarda,
in sauke.
Ina kai bakwai.
Sai in mai da su yadda ya ajiye,
hoton tumatir yana duban bango.